Shekarar da Na Ɗebi Sawu

Sawun ƙafa na fara gani kafin in ga mai ƙafar. A ƙofar wani gida ne a Zongo, da hantsi, inda aka zubar da ruwan wanke-wanke ƙasa ta yi duhu. A shekarar ba kasafai ido ke cin karo da jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, don sama ta daɗe tana haɗa hadari tana watsewa, kogi ya janye har yara na buga ƙwallo a inda kwalekwale ke wucewa a da. A tsakiyar wannan ɗan danshi sai ga sawu guda, ƙarami, dunduniya zagaye kamar ƙwan zabo, yatsu huɗu a jere, ƙaramin na biyar bai taɓa ƙasa ba. Na tsaya ina kallo har kawunku Isuhu ya fito daga zaure ya tambaye ni ko na yar da wani abu ne. Na ce masa a'a. A raina kuwa na riga na yanke cewa mai wannan ƙafa ba ta taka duniya da ƙarfi, kuma ni zan aure ta.

Ina rubuta muku wannan ne saboda tun kuna ƙanana kuke jin kawunku, duk ranar suna ko biki, yana nuna ni yana cewa da asiri na auri uwarku. Kuna dariya, ni ma ina yi. Amma bara jikata ta tambaye ni da fuskar gaske wai shin boka Nasara ne ya yi mini aiki a kan kakarta. Daga nan na san wasa ya fara zama tarihi, gara in faɗi yadda aka yi tun ina da sauran haƙora.

A lokacin ina saurayi, na zo Yamai daga Maraɗi na samu aiki a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, na wani biron gwamnati da ke gwajin ƙasa da ruwa. Zamanin soji ne, ba a wasa da lokacin aiki. Kafin ƙarfe bakwai da rabi kowa na kan kujerarsa, domin ba wanda ya san ranar da manya za su diro ba sanarwa. Mutane sun koyi rage murya in za su ambaci farashin gero. A gefen gari makiyaya da suka rasa dabbobinsu sun kafa bukkoki, kamyo, manyan motocin kaya, na kai musu jar dawa ta taimako. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, rabin hankalina na cikin 'yan littattafan soyayya da direbobin Kano suka fara kawowa kasuwa. Ina saye, ina aro, ina ɓoye su cikin kaye, littafin da muke rubuta aiki a ciki. A cikinsu saurayi kan adana zaren da ya faɗo daga mayafin budurwa shekara bakwai, ko ya ƙi wanke hannun da ta miƙa wa kofin ruwa. Na ɗauka haka so yake, wanda bai yi haka ba ciniki kawai yake yi.

Shugabana a labo wani ɗan Rasha ne, Mushe Boris, wato Malam Boris da Faransanci, da gwamnatinsu ta aiko a shekarun fari. Dogo ne mai ranƙwafaffen baya, gashin girarsa kamar tsintsiya, Faransancinsa kamar amalanke a kan duwatsu. Masu gadi suna kiransa Malam Toka, domin aikinsa kullum ƙona ganye ne. Za a kawo ganyen gawo, ko ciyawa, ko gashin akuya daga wani gari, a shanya, a auna, a sa a ƙaramin murhu mai wutar lantarki har ya zama farar toka, sannan ya narkar da tokar a kwalba ya ɗiga mata magani ya duba launin da za ta yi. Daga launin yake sanin abin da ƙasar garin ke da shi da abin da ta rasa. Ranar farko da na tambaye shi amfanin wannan wahala, sai ya kama hannuna ya ƙwanƙwasa ƙashin da yatsa.

"Lawali, wannan ƙashi naka daga ina ka samo shi?"

"Allah ne Ya ba ni, Mushe."

"To, ta wace hanya ya zo? Ta gero. Geron ya sha daga ƙasa, ƙasar ta ci dutse. Abin da ke cikin dutsen Maraɗi shi ne yake tsaye a gabana yana karanta littafin mata a lokacin aiki."

Sannu a hankali na san labarinsa, a hanya, cikin motar da kawunku Isuhu ke tuƙa mu ɗibar ƙasa. Yana yaro babban yaƙi ya rutsa da garinsu, yunwa ta kashe uwarsa da ƙanwarsa, shi ya rayu da ruwan dafaffen fata da ɓawon itace. Shi ya sa ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba ya bari a kwano, kuma in muka wuce bukkokin makiyaya sai ya bi su da kallo har mu yi nisa. Da ya girma ya yi karatu a hannun almajiran wani tsohon masani na ƙasarsu wanda ya koyar da cewa masu rai ba baƙi ne a bayan ƙasa ba, su ne ke juya ta, suna ɗaukar ƙarfe da gishiri daga nan su kai can, daga saiwa zuwa ganye, daga ganye zuwa jini, daga jini su koma ƙasa. Mushe Boris ya shafe shekaru masu yawa yana yawo a wasu lardunan ƙasarsu inda tumaki ke ramewa suna mutuwa a tsakiyar koriyar ciyawa, makiyaya na cewa baki ne ko annoba. Shi da abokan aikinsa suka ƙona ciyawar, suka gano wani sinadari ne ƙasar wurin ta rasa, wanda abin da tunkiya ke buƙata a shekara bai cika kan allura ba. Suka zuba shi a gishirin lasa, tumaki suka tashi. Ya zana taswirar irin waɗannan wurare. Ya ce mini ba a ba shi lambar yabo ba, amma wani makiyayi ya taɓa ba shi hular gashin tunkiya, ita ce lambarsa. Abu guda ne ba ya yafewa: ƙasar da aka ɗiba ba bisa ƙa'ida ba. Sai an share sama, an haƙa zurfin taƙi guda, an ɗiba daga wuri biyar an gauraya, an rubuta suna da lamba a ƙunshin takarda.

Gidan da na ga sawun nan gidan su Isuhu ne. Mahaifinsu Alhaji Garba mutumin Tawa ne, mai shagon yadi, mutum mai ƙarancin magana wanda in ya ce a'a ba ya ƙarawa da komai. Mai mulkin gidan na gaskiya kuwa uwarsa ce, Iya, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai kaifin ido, wadda ke tace ruwan toka tana sayar wa matan unguwa don miya, tana kuma kiwon awaki uku a bayan ɗakinta. Da na ga mai ƙafar, Ramatu uwarku, ban yi nadamar alkawarin da na yi wa sawu ba. Ba zan siffanta muku ita ba, don za ta karanta wannan ta ce na fara. Ya isa in ce tana da dariyar da ke fara fitowa ta hanci kafin baki. Na yi zarya wata biyar. Baffana ya zo daga Maraɗi da goro, aka karɓa, aka ce sai bayan ƙaramar salla a sa rana.

Ana cikin haka awakin Iya suka lalace. Suna cin dusa amma suna ramewa, suna lasar bango, suna tauna tsumma da tsohon takalmi, babbar ta haifi ɗa bai kwana biyu ba ya mutu. Nonon babbar nan shi ake dama wa ƙananan yaran gidan kunu da shi. Wata la'asar uwarku ta ce mini a zaure:

"Kai da kake aiki da Nasara mai sanin ciwon tumaki, ba za ka duba mana ba? Ko iliminku na tumakin Rasha ne kaɗai?"

Washegari da hantsi na zo da 'yan ƙunsunan takarda. Na yanki gashin akuya, na ɗebi dusa da harawa, na tsinki ganyen bishiyar tsakar gida, na haƙa ƙasar garke yadda aka koya mini. Duk wannan da izinin Isuhu, a gaban kowa. Da na fito zan tafi, sai ga ƙofar gida an zuba ruwa kamar ranar farko, ga kuma sawun nan, dunduniya zagaye, ƙaramin yatsa a sama. Na duba hagu na duba dama. Na durƙusa na sa cokalin aiki na kwashe shi kaf, daga dunduniya har yatsu. Rabi na zuba a ƙunshi na rubuta masa lamba ta shida, don in kare kaina in an tambaya. Ɗaya rabin na zuba a gwangwanin alewa na sa a aljihun gaba, saitin zuciya, yadda na tabbata saurayin littafi zai yi.

Ni ɗan Hausa ne, a Maraɗi aka yanke mini cibiya. Na san abin da ake nufi in an ce wane ya ɗebi sawun wance. Na san da ƙasar sawu ake kai wa boka a juya zuciyar mace, ko a hana ta zaman gidan kowa. Amma littafi ya rufe mini ido, har na manta a Zongo nake, inda kowace katanga ke da huda. Iya na tsaye a bayan ƙyauren zaure tana kallona.

Kwana biyu bayan haka Isuhu ya shigo labo da ƙunshin goro a hannu, ya ajiye a kan teburina bai zauna ba.

"Alhaji ya ce a mayar wa baffanka."

"Me ya faru?"

"Kai za a tambaya. Iya ta gan ka kana kwasar sawu. Yanzu duk layinmu an san kai da Nasaranka ƙona gashi da ganye kuke yi kuna rubuta sunayen gidajen mutane. An ba Ramatu rubutu ta sha, an hana ta leƙa zaure. Ni ma da na kawo ka gidan, ko gaisuwata Alhaji bai amsa ba yau."

Na yi kwana uku abinci ba ya wuce mini. A rana ta huɗu na faɗa wa Mushe Boris cewa an zarge ni da sihiri saboda aikinsa, aurena zai rushe, ina roƙonsa ya zo ya bayyana wa mutanen gidan abin da muke yi da toka. Rabin da ke aljihuna ban ambata masa ba. Ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ga fuskata ya daina. A wancan zamani ɗan gwamnati ba ya ɗaukar baƙo ɗan Rasha ya kai shi gidan mutane haka kawai, sai da na sanar da darektanmu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce shi bai ji komai ba, kuma kada mota ta wuce awa biyu.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka je. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida ƙarƙashin bishiya. Alhaji na zaune da carbi, Iya a kan 'yar kujerarta ta tsugunno, mata na bayan labule ana jin motsin awarwaro. Mushe Boris ya cire takalmi ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar, ya jera ƙunsunan nan shida a gabansa. Ni ne tafinta, don Alhaji ba ya jin Faransanci sai na ƙirga yadi. Isuhu yana ji kaɗan.

"Tambaye shi wane addini yake bi," in ji Alhaji.

Na tambaya. Mushe Boris ya ce uwarsa takan kunna kyandir a ɓoye ta yi addu'a, shi kuwa an rene shi ba masallaci ba coci. Na fassara. Alhaji ya yi salati ya matsar da tabarmarsa kaɗan.

"To ai magana ta yi sauƙi," in ji Iya. "Wanda bai san Ubangijinsa ba, wane aljani ne zai yarda ya yi masa aiki? Aljanu ma suna da zuciya. Bar shi ya yi bayani mu ji."

Ya yi bayaninsa na dutse da gero da ƙashi. Da na gama fassarawa Iya ta taɓe baki.

"Daga ƙasa muka fito, cikinta za mu koma. Wannan ne ya baro garinsu ya zo ya faɗa mana? Ce masa ya nuna mini tokar."

Ya buɗe ƙunshin tokar harawa. Ta lashi yatsa ta dangwala ta ɗanɗana, ta tofar.

"Wannan harawar tudu ce, ba ta da gishiri. Lami ce."

Mushe Boris ya zaro ido. Ya ciro wata toka daga jakarsa, ta wani gari dabam, ya miƙa mata. Ta ɗanɗana ta ce wannan karan gero ne na kwari, inda ruwa ke kusa, irinta take nema in za ta tace toka mai ƙarfi. Ya buɗe kayensa ya duba, ya buga cinya. Abin da ya ɗauke mu kwana uku da kwalabe, tsohuwa ta faɗa da harshe. Daga nan suka manta da mu. Ta gaya masa da can Buzaye na kawo jar kanwa da ƙasar lasa daga arewa, tana saya wa awakinta, amma tun da fari ya kashe raƙuma ba ta ƙara ganinsu ba. Shi kuma ya ce tokar gashin da ta dusar sun nuna awakin na neman abin gina ƙashi ne, shi ya sa suke lasar bango. Ya ce a ƙona ƙasusuwa har su yi fari a daka. Ta ce ba za su ci haka ba sai an haɗa da gishiri da ruwan tokarta an murza da yumɓu an shanya. Ya rubuta a kaye. Har Alhaji ya saki fuska ya ce wa Isuhu ya je bakin titi ya sayo wa baƙo lemo mai sanyi.

Isuhu na fita, Alhaji ya nuna ƙunshi na shida da carbinsa.

"Saura wannan. Ƙasar ƙofar gidana. Ita ma ta awaki ce?"

Na juya tambayar zuwa Faransanci ina addu'a a zuci Mushe Boris ya ce e. Ya ɗauki ƙunshin ya jijjiga shi a tafin hannu, girarsa ta haɗe.

"Wannan ban gwada ta ba, ba kuma zan gwada ba. Ƙasar sama ce, daga wuri guda, inda ake takawa ana zuba ruwan wanki. Ba ta da amfani ga awaki ko ga kowa. Ban aike shi ya ɗebo ta ba, kuma ya san ba haka ake ɗiba ba. Ga shi ma rabin awo ce. Ban san dalilin da ya sa ya kawo ta ba."

Ya dube ni yana jira in fassara. Duk gidan suna kallon bakina. Ba mai jin Faransanci a wurin sai ni, Isuhu na can bakin titi. Da na ce Nasara ya ce ita ma ta awaki ce, da an sha lemo an tashi, da goro ya koma hannun Alhaji kafin magariba. Kalmomin har sun hau kan harshena. Sai na dubi mutumin nan da ya tsallako duniya don kada a yi wa ƙasa ƙarya, na dubi labulen da uwarku ke bayansa. Na ga in na yi haka, to asirin da ake zargina da shi ya tabbata, da bakina na yi shi ba da boka ba. Na fassara maganarsa duka, har da rabin awon.

Carbin Alhaji ya tsaya.

"Ina rabin?"

Na sa hannu a aljihu na fiddo gwangwanin alewa na ajiye a kan tabarma. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A gaban surukina, kaina a ƙasa, na ce ban kai wa kowa ba, ban tofa mata komai ba, na ɗauka ne don in riƙa jin tana kusa, don haka na karanta ana yi. Na ce in an hana ni ita ba zan ce an zalunce ni ba.

Sai na ji wata 'yar dariya ta hanci daga bayan labule, aka yi saurin toshe ta. Iya ta miƙa hannu ta ɗauki gwangwanin ta buɗe ta leƙa.

"Ɗan Maraɗi, ranar nan wa ka gani ya zuba ruwa a ƙofa?"

"Ban ga kowa ba, Iya. Sawun kawai na gani."

Ta ja zanenta sama kaɗan ta miƙo ƙafarta ta dama a kan tabarma. 'Yar ƙarama, dunduniya zagaye. Ƙaramin yatsan a ɗage, bai taɓa ƙasa ba.

"Ramatu a wurina ta gado shi. Ranar tana ɗaki tana tsifar kai tun safe. Kwana tara kana yawo da sawuna a ƙirjinka, mijina, ko tsire ba ka aiko mini ba."

Matan bayan labule suka fashe. Isuhu ya shigo da kwalaben lemo ya tarar da ubansa ya rufe baki da hannun riga kafaɗunsa na rawa. Mushe Boris na ta jan hannuna yana tambayar me aka ce, ni kuwa na kasa fassara wannan. Da dariya ta lafa Iya ta juya wurin ɗanta, ba wasa a muryarta.

"Garba, tun ranar na san nawa ne. Abin da ban sani ba shi ne zuciyar mai ɗibar. Yau ya samu ƙofar ƙarya a buɗe, ba mai gadi, bai shiga ba. Na ga lokacin da ya leƙa ta. Wauta gare shi, ba mugunta ba, ita kuwa wauta aure na rage ta. A mayar da goro."

Alhaji bai ce e ba. Ya ce in ɗauki gwangwanin in mayar da ƙasar inda na samo ta. Na fita na zuba a ƙofa yaran layi na kallo, uwarku ta fito da tsintsiya ta share, ba ta dube ni ba, amma hancinta na motsi. Aka ɗaura aure bayan babbar salla maimakon ƙarama, wata biyu na horo. Awakin Iya kuwa suka kama lasar dunƙulen nan nata da na Mushe Boris, kafin sanyi babbar ta sake ɗaukar ciki. Matan unguwa suka riƙa zuwa saye, ta ƙara sana'a a kan ta toka.

Abin bai tafi kyauta ba. A shekarar Mushe Boris na da damar ba da sunan mutum ɗaya a labo don burs, wato tallafin karatu, a ƙasarsu, kowa kuma ya san ni ne. Ranar Litinin ya kira ni ya rufe ƙofa.

"Lawali, kai mutumin kirki ne. Isuhu ya ba ni labarin abin da ka yi. Amma takardar nan tana tambaya ko ɗalibi mai kiyaye ƙa'idar aiki ne. Ka sa wa ƙasar banza lamba ka shigar da ita kayena. Ba zan iya rubuta e ba."

Wani abokin aikina ya tafi, ya dawo da babban digiri, daga baya har ya zama shugabana, ya kuma riƙe ni da mutunci. Ni na ƙare aikina a labo ɗin nan ina wanke kwalabe ina ƙona ganye. Na ji zafi shekara ɗaya ko biyu. Amma da na tafi, da shekara shida zan yi, Alhaji kuwa ba mai ajiye 'ya shekara shida ba ne. Duk wanda a cikinku ya ga ya fi son uba mai digiri, sai ya tuna da ba a haife shi ba. Muka sayi filin nan na unguwar Talaje tun yana fayau, muka dasa bishiyar da kuke sha inuwarta. Sunan Mai Sawu kuma ya bi ni har yau, ina amsawa. Sawun farko dai, na ranar da na fara zuwa gidan, uwarku ta rantse nata ne. Iya har ta koma ga Allah tana cewa nata ne. Ban matsa bincike ba.

Mushe Boris ya yi shekara biyu a nan bayan aurenmu. Duk Juma'a sai ya kai wa Iya toka ta ɗanɗana, suna musu ina fassarawa. Da ya koma gida mun yi musayar wasiƙa 'yan shekaru. Daga baya ƙasarsu ta wargaje ta canja suna, wurin aikinsa ya rufe. Ya rubuto cewa ya koma wata 'yar gona a bayan gari yana noman dankali, yana da akuya ɗaya, yana haɗa mata dunƙulen lasa yadda Iya ta koya masa, maƙwabta na zuwa roƙo. Daga nan wasiƙa ta yanke.

Shekarar da muka aurar da babbarku, wani ɗalibi da ya gama karatu a can ya yi ta tambaya har ya gano gidan nan. Ya ce wata mata ce ta neme shi, ta ce mahaifinta Mushe Boris ya rasu da sanyin bara, a gonarsa, ya bar wasiyya a kai wani abu Yamai. Ya miƙo mini ƙunshin takarda da ya yi ja don tsufa. Na gane rubutuna a jiki: lamba ta shida. Ƙasar na ciki, rabin awo, ba a taɓa ta ba. A ƙarƙashin lambar Mushe Boris ya ƙara layi biyu da hannunsa, da Faransancin nan nasa na amalanke. Na farko ya ce: an ɗebe ta ba bisa ƙa'ida ba. Na biyu ya ce: kada a zubar.